Dankalin da Inna Ta Raba

Ƙanena Lukuman, in ya fara yi maka maganar dankalin Turawa, shayinka a hannunka zai huce. A shekarar 1978 shi aka ɗora wa aikin haɗa kan tashoshin binciken noma uku da ke kan duwatsu: tamu ta nan Filato, da ta Mambila, da wata can Obudu a kudu. Cuta ɗaya ke damunsu duka, wadda ke ƙone ganyen dankali da zarar damina ta zauna, amma kowace tasha ɓoye abin da ta gano take yi, kamar mace da sirrin miyarta. Hukumar da ke ba da kuɗin binciken daga Legas ta gaji. Ta ce ko dai su ukun su shuka iri ɗaya a damina ɗaya, a ga yadda zai yi a kowane dutse, ko kuma kowa ya kama gabansa, babu tallafi.

Irin a hannun su Lukuman yake, wani jan dankali mai jure cutar, wanda suka yi shekaru suna raino kafin ya isa a kasa uku. Na Filato ya riga ya shiga ƙasa, na Mambila ya tafi. Saura buhu ɗaya tal, na Obudu, kuma shi ne mai wahalar. Shugaban tashar can, Dokta Nwabueze, ya taɓa faɗa a gaban taro cewa ya san yadda ake yi: mai iri ya tsince mai kyau, ya aika wa na nesa da tarkace. Lukuman har rama ya yi a kan mutumin nan kafin ya yarda ya zo Jos ya karɓi buhunsa da hannunsa.

Tashar su Lukuman tana can gaba da Vom, motar da za ta ɗauki kayan kuwa a Farin Gada take lodi, kusa da mu. Sai gogan naka ya yi dabara irin ta masu ilimi. Ya kawo buhun gidanmu a Anguwan Rogo da safe, ya jingine shi a tsakar gida, ya fice wurin mitin bai ce wa kowa uffan ba. Ni na tafi kai ɗinki. Inna Tabawa, mahaifiyarmu, ita kaɗai ce babba a gidan.

Ita kuwa Inna tana da doka guda tun zamanin da Baba ke aikin kuza. Duk abin da ya shigo gidan nan a buhu, sai maƙwabta sun ɗanɗana kafin a ɗora tukunya. Ba ta tambayar na waye, ba ta tambayar na mene ne. Buhu ne dai, ya shigo.

Na dawo bayan azahar na tarar da buhu a ninke a kan igiya, Inna tana zaune tana kaɗa ƙafa, fuskar nan fes da jin daɗi. Kafin in aje mayafi Lukuman ya yi sallama. Ya dubi inda ya jingine buhun, ya dubi igiya, sai na ga ya dafa bango.

“Inna, dankalin da na aje a nan fa?”

“Allah ya yi maka albarka,” in ji ta. “Na sa jikoki sun kai wa kowa. Har gidan Pam sun samu. Namu yana cikin kwando.”

Na leƙa kwandon. Abin da ke ciki bai fi cin mutum uku ba.

Ban taɓa ganin babban mutum ya zube haka ba. Ya zauna a ƙasa da wandon ofis, ya kama kai. Ni kuma haushinsu duka biyu ya kama ni, shi da rashin bakinsa, ita da saurin hannunta.

“Kai ma dai!” na ce. “Ka san halin gidanku, ka aje buhu ka tafi kamar wanda ya aje dutse?”

“Yaya Mariya, ba lokacin faɗa ba ne. Iri ne, babu wani a ƙasar nan. Bayan la'asar Dokta zai zo ɗauka. In ya tarar babu, aikin ya mutu, kuma abin da ya faɗa a kaina ya tabbata.” Ya juya wurin Inna. “Don Allah a aika a karɓo kafin mata su fara girkin dare.”

Inna ta daina kaɗa ƙafa. “A karɓo? Kyautar da na bayar? A unguwar da aka kawo ni ina amarya?” Ta gyara ɗaurin ɗankwali. “Ka je kasuwa ka sayo musu wani. Dankali ai dankali ne.”

Na san wannan muryar. In Inna ta yi ta, ko Baba yana da rai fita yake yi ya sha iska. Lukuman bai yi gardama ba. Ya matso kusa da tabarmarta, ya shiga yi mata bayani a hankali, karon farko a rayuwarsa ba tare da Turanci ba. Ya gaya mata yadda cutar ke cinye gona a bar manomi da baƙin kara, da yadda aka wahala kafin a samu wannan irin.

Inna ta saurara, sannan ta ce, “Su mutanen Obudun, ba su da shi ne?”

“Ba su da shi.”

“Kai kuma ka samu, shi ne za ka aika musu.”

“Haka ne, Inna. Abin da ke cin gonarmu shi ke cin tasu.”

Can ta ce, “Ashe kwanon wasu na raba.” Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa. “Mariya, ba ni mayafina. Ba za a aiki yaro wannan abin kunya ba, ni na yi, ni zan je.”

Wallahi tausayinta ya kama ni a hanyar nan. Tsohuwar da ba ta taɓa roƙon ko gishiri ba, ga ta tana tafiya tana haɗa kalmomi a bakinta. Ni kuwa hancina kawai nake bazawa, ina jiran in ji ƙamshin suyar dankali daga wani gida.

Gidan Pam muka fara shiga. Matarsa Suzana tana wanki. Aka gaisa, aka sake gaisawa, Inna ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ruwan sama, maganar ta ƙi fita. Da na ga rana na tafiya sai na ce, “Suzana, dankalin nan na ɗazu, kin dafa?”

Suzana ta dubi Inna, ta sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki ta jawo kwano daga ƙarƙashin gado, a rufe yadda aka kawo shi.

“Mama, ki yi haƙuri,” in ji ta. “Dankalin ya yi tsiro, ya yi kore. In an ci, maƙogwaro yana ƙaiƙayi. Na ce bari in ɓoye, kada Mama ta ji babu daɗi.”

Na ɗauki ɗaya na duba. Ko'ina ƙananan tsiro ne, fatar ta yi kore-kore, haka ake barin iri ya yi kafin shuka. Inna ta karɓa ta kai shi dab da fuskarta, tana shafawa da yatsa. A nan na gane abin da ta daɗe tana ɓoye mana, idanunta sun yi rauni ƙwarai. Ba ta ga koren ba sam.

Dariya ta zo mini, kuka ma ya zo, na rasa wanda zan fara. Na dai zauna a bakin rijiyar Suzana na ce alhamdu lillahi da ƙarfi.

Haka muka bi gidajen. Kubra matar tela ta tura nata bayan randa, tana jiran duhu ta zubar inda ba mai gani. Wata ta rufe nata da faifai a kan rumbu. Kowacce ta aiko da godiya da safe, kowacce ta ɓoye, kuma ba wadda ta gaya wa 'yar'uwarta. Unguwa guda ta haɗu a kan rufa wa tsohuwa asiri ba tare da an yi shawara ba. Gida ɗaya kawai muka makara, na Malam Bala, wanda bai taɓa mayar da abinci ba tun da aka haife shi. An soya masa, ya cinye, har yana cewa ɗan ɗacin ne daɗinsa.

Muka dawo, kwanuka suka fara biyo mu. A unguwarmu ba a mayar da kwano fanko, kuma matan sun ji cewa baƙo ne daga nesa zai tafi da kayan. Sai ga kowane kwano da ɗan ƙunshi a kai: acca daga Suzana, ƙuli-ƙuli daga Kubra, daddawa, gyaɗa, busasshen tattasai. Lukuman yana durƙushe yana juye irin cikin buhu, sai aka yi sallama a zaure.

Dokta Nwabueze dogo ne, ba ya fara'a. Ya tsaya ya dubi buhu a buɗe, da kwanuka a baje, da ƙanena a durƙushe. Na ce a raina yau ƙarya kawai za ta fisshe mu, amma Lukuman ya miƙe ya gaya masa komai da Turanci, har da kwanon Malam Bala. Ban ji duka ba, na dai ji sunan Malam Bala sau biyu.

Dokta ya saurare shi har ƙarshe. Ya durƙusa ya ɗauki kwano ɗaya, ya juya shi yana kallon fentin da aka ɗiga a gindinsa don a gane mai shi. Sannan ya dubi Inna ya ce da Hausa, Hausa irin tamu ta Jos, “Mama, sannu da aiki.”

Duk muka saki baki.

“A garin nan aka haife ni,” in ji shi. “Babana aikin kuza ya yi. Mamana ma haka take yi, in buhu ya shigo sai an zaga da kwano. Tun da muka tafi a shekarar tashin hankali ban sake shiga tsakar gida a Jos ba sai yau.” Ya aje kwanon a hankali, ya juya wurin Lukuman. “Oga, ɗaure buhun. Kwano ɗaya ba zai hana gwaji ba. Tarkace kuwa, ba a bin gida-gida a kansa.”

Lukuman ya saki wani numfashi da na tabbata tun bara yake riƙe da shi.

Inna ta tattara ƙunshe-ƙunshen nan ta zuba a babban kwanonta mai murfi, wanda ba ta ba kowa aro, ta ce a kai wa iyali. Dokta ya ce, “Mama, Obudu da nisa. Kwanonki fa?”

“Ai ka san yadda ake yi,” in ji Inna.

Tallafin ya fito, tashoshi uku suka shuka iri ɗaya. Bayan damina wani direba daga Farin Gada ya yi sallama da kwanon Inna, an ɗaure shi da tsumma. A ciki jan dankali ne na ƙasar Obudu, manya, sumul, babu tsiro ko ɗaya. Inna ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini ta ce in duba mata da kyau. Na ce lafiya lau suke. Kafin Lukuman ya dawo daga ofis ta raba, kowane gida biyu-biyu, kuma a ranar kowa ya dafa.