Jirgin Ummu Hani

Jirgin ruwan da Dikko ya yanyanka ba matacce ba ne, kuma Tamba ya sani tun ranar da ya kai masa shi.

Dikko kafinta ne a unguwar Badariya, cikin Birni. Ba ya yin gado, ba ya yin kujera. Tsohon katako yake nema, ya goge, ya yanka shi siffar taswirar Nijeriya, ya shafa kore da fari da kore, masu ofis da shago su saya su rataye. Mafi kyau shi ne na tsohon jirgin ruwa, iccen maɗacin da ya sha kogi ya yi baƙi. Tamba ke kawo masa, amininsa na shekara talatin, mutumin Gulma, wanda in ya shigo Birni a tabarmar Dikko yake kwana.

Dikko ɗan tudu ne. Bai san masunta na nutsar da jirgi da gangan ba, su danne shi da duwatsu a bakin ruwa don kada rana ta tsaga shi. Da Tamba ya nuna masa hoton jirgi cike da laka, ya ce, "Wanga ya mutu tun bara, mai shi ya yar," sai ya yarda. Taswira goma sha biyu ya fitar. Wata alama da aka ƙona da ƙarfe a jikin katakon, zane uku da ɗigo, ya bar ta, don masu saye na son irin wannan.

Ranar bikin kamun kifi ya baje kayansa a Argungu. Wata mata ta tsaya da ƙwarya a kai. Ta daɗe tana kallon taswira guda, sannan ta ɗora yatsa a kan alamar.

"Malam, ina kas samu wanga icce?"

"Saye niy yi, Hajiya. Kina so?"

"Ina so? Hannun mijina na wanga, alamar jirginshi ta. Wata biyu muna biɗar jirgin nan."

Sunanta Ummu Hani. Mijinta ya rasu, da jirgin nan ne ɗanta ke fiton mutane, da shi suke ci. Kafin Dikko ya haɗa magana biyu an kewaye shi. Wani ya ce ɓarawo, saura suka ɗauka.

Aka kai shi gaban Sarkin Ruwa. Dikko bai ji tsoro ba. Ya ce a kira Tamba, yana cikin garin nan, shi zai wanke shi. Tamba ya zo da sabuwar hula, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

"Ranka shi daɗe, na san shi. Kahinta na. Amma ban taɓa sai mai ko tsinke ba."

"Tamba," in ji Dikko, "dube ni."

Bai dube shi ba.

"Da amalanke kak kawo shi har ƙohwata," in ji Dikko. "Matata Rauda ta dama maka hura!"

"Wa ag gani, ban da matarka?" in ji Sarkin Ruwa. "Ka kira shaida da kuka yi ciniki?"

"Shaida? Tsakanina da shi?"

Wani a baya ya yi dariya.

Hukunci bai ɗau lokaci ba. Icce a hannun Dikko aka gan shi, Dikko zai mayar da jirgi. Ummu Hani ta kwashi taswirorin duka, ba ta ce za ta yi me da su ba. Tamba ya sulale tun ba a shafa fatiha ba.

Ranar Laraba Dikko ya kwance injin yankansa da janareta, ya ɗora wa mai saye a mota da hannunsa. Da kuɗin, sabon jirgin Ummu Hani ya sauka ruwa kafin damina. Shagon Badariya kuwa mai cajin waya ya kama shi. Dikko yanzu yana bin masu gini yana buga rufi, yana da shekara hamsin da huɗu, da gwiwar da ba ta son tsani.