Inda Taswirar Ta Ƙare

Ango bai gama sallama ba wani mai riƙe da takarda ya kama babban yatsansa, ya tsoma a tawada, ya dangwala a gaban sunansa. Ya ce ta halartar taro ce. Wannan ne karo na huɗu cikin shekara uku da ake kiran Ango zuwa garin Bagudo a kan maganar ambaliya, kowane taro da nasa dangwalen, har ya fara zargin yatsan nan ya fi shi daraja a wurin masu taro.

Shi ne babban masuntan Tungar Gidaɗo, gida arba'in a bakin kogin Kwara. Bara ruwa ya kwashe rabin tungar, ya haɗa da rumbuna. Da wata ƙungiya ta ce za ta gina musu gidaje a kan tudu, ba wanda ya tsaya tambaya, don wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa sai ya kama. Shi kansa Ango ya gaji. Gwiwoyinsa sun daina son sanyin ruwa, har ya yi wa maƙwabcinsa Bunyaminu alkawarin sayar masa da kwalekwalensa, ya koma noman gero.

Mai jagorancin taron wata matashiya ce, Injiniya Hafiza, mai ladabi, muryarta ta dushe saboda yawan bayani. Ta ce yanayi ya sauya, damina ta rikice, ruwan wata guda yana sauka a kwana uku. Ango ya gyaɗa kai. Ai a tsakar ɗakinsa aka yi wannan karatun. Ta ce ba za a yi komai ba sai da shawarar masu wuri. Sannan ta buɗe wata ƙatuwar taswira a bango, ta ɗora yatsa a inda za a yi ginin: Faƙon Dela.



Da rani Faƙon Dela abin sha'awa ne, shimfiɗaɗɗe, mai tauri kamar daɓen ɗaki, kuma nesa da kogi. Sai dai ruwan da ke cinsa ba daga Kwara yake tasowa ba. Ta baya yake zuwa, ta wani busasshen rafi da ya ratso daga ƙasar Benin. In aka yi ruwa mai yawa can, surukinsa da ke tsallaken iyaka yakan bugo masa waya, bayan kwana biyu faƙon ya zama tafki. Sau biyu a rayuwarsa Ango ya tuƙa kwalekwale a kansa, har ya taɓa kama tarwaɗa daidai inda yatsan Hafiza yake. Ya ƙura wa taswirar ido yana neman rafin. Babu shi. Daga layin iyaka zuwa ƙarshen takardar fari ne fat, kamar duniya a nan ta ƙare.

Hafiza ta tambaya ko akwai mai gyara. Mutanen tungar da suka zo tare da shi duk suka juyo suna dubansa. Ango ya dubi manyan kulolin abinci da aka jera a lungu, ya sunkuyar da kai. A gidansu, baƙon da ya kawo maka alheri ba a gwale shi a bainar jama'a, balle da yunwa a cikinsa. Sai ya ci, ya wanke hannu, sannan ka ja shi gefe ka gaya masa gaskiya a hankali. Haka ya ga ubansa yana yi, haka shi ma ya yi shekara sittin yana yi. Da mutanensa suka ga bai yi magana ba, su ma suka yi gum. Hafiza ta sake tambaya, sannan ta yi godiya, aka tafa.

Abin da Ango bai lissafa ba shi ne, waɗannan baƙin ba sa zama cin abinci. Aka raba shinkafa a robobi, kowa ya rungumi tasa, aka jera su a gaban ƙyalle mai rubutu aka ɗauki hoto. Kafin ya ankara an naɗe taswira, mota ta tashi tana huci a bakin ƙofa.

Da ƙyar gwiwoyin suka kai shi. Ya riƙe murfin motar yana haki.

"Ɗiyata, wuringa da kunka zaɓa hanyar ruwa ta. Daga Benin shika zowa, ta baya. Ni da kaina na kama kifi nan."

Hafiza ta cire tabarau ta murza idanunta. "Baba, me ya sa ba ka faɗa a ciki ba? Sau biyu na tambaya."

"Ba ku ci abinci ba, ɗiyata."

 Ba raini a fuskarta, gajiya ce kawai irin tasa. Ta gaya masa aikinsu a iyaka ya tsaya, ba su da hurumin auna abin da ke tsallake, kuma takardar da suka dangwala da safe ita za a haɗa da rahoto a matsayin shaidar an ji ta bakinsu. Duk da haka ta ciro biro ta rubuta maganarsa a bayan wani ambulan, ta ce za ta kai gaba, amma ba ta yi masa alkawari ba. Direba ya danna ham, don akwai wani taron a Bahindi kafin la'asar.

Ango ya hau babur ɗin kabu-kabu da robar shinkafarsa a cinya, yana jin haushin kansa. Ladabin da ya yi taƙama da shi duk rayuwarsa, yau shi ne zai fitar da gida arba'in daga gidan gara ya kai su gidan zago. Da suka iso Faƙon Dela ya ce a tsaya.

Turaku ne a jere, an kafa su layi-layi, gida-gida, har da filin masallaci. Ya durƙusa ya taɓa ɗaya. Jan fentin da ke kansa ya koɗe, gara ta yi gini har rabinsa, busasshiyar ciyawar bara ta nannaɗe gindinsa. Turakun nan sun girmi taron yau da watanni. Ya ɗan ji nauyin ƙirjinsa ya ragu, tunda ba shirunsa ne ya kafa su ba, sai kuma wani baƙin ciki da ya fi na farko ya maye gurbin. Ashe ko ya yi magana, ko bai yi ba, yatsansa kawai aka aika a kira.

Ya tarar da Bunyaminu a bakin ruwa, har ya kwance kwalekwalen yana duba cikinsa. Ango ya miƙa masa robar shinkafar, ya karɓi igiyar daga hannunsa.

"Ka yi haƙuri, na fasa."

Bunyaminu ya tambaye shi me mutumin da zai koma tudu zai yi da kwalekwale.

"Ƙofar ɗaki zan ɗaure shi," in ji Ango. "Kai ma kar ka bar naka nan. Ranar tashi, mu nemi amalanke babba."