Gindin Tuffar Aksel

"Cire turakun nan, Torben, ubanka bai mutu ba tukuna," na ce masa ta kan shinge.

Ko kallona bai yi ba, ya ci gaba da kafa su a lambun. Ya riga ya gama maganar sayar da lambun da wani mai gina garejin motoci, jira kawai yake a fitar da gawa. Aksel kuwa yana kwance bakin taga, kowane bugu a kunnensa. Shekara talatin muna maƙwabtaka, ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani ɗan nan nasa a ranar ba.

Kowace bazara 'yan aji uku na makarantar ƙauyenmu sukan zo lambun Aksel koyon tonon kayan tarihi. Shi da kansa yake farfasa tsofaffin tukwanen fure ya binne, yara su ja zare su raba ƙasa gida-gida, su bi ta da ƙananan cokula da buroshi. Wuri ɗaya kaɗai yake hana su, gindin tuffa.

Da na kai wa Aksel kofi, ya riƙe hannuna.

"Gudrun, gaya wa malamar yaran, Malene, bana gindin tuffa za su tona."

"Kai da ko kare ba ka bari ya raɓi wurin?"

"Shekara arba'in ke nan da na ci karo da wani abu a can, na mayar da ƙasa na ja bakina. Kin san doka. In aka ga kayan tarihi na gaske, ba mai aza bulo sai gidan tarihi ya gama bincike."

"Su kuma ba su san sauri ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ranar Alhamis, ba a yi awa guda ana tono ba wata yarinya, Asta, ta ɗago kai. "Malama, wannan ba irin tukunyar Aksel ba ce. Toka ce da ƙashi a ciki."

Malene ta leƙa, ta ce kowa ya ajiye cokali, ta kira gidan tarihi. Kafin la'asar mai gareji ya janye.

Torben ya iso yana huci. "Wa ya ce su tona nan?"

"Mai lambun," na ce. "Ai nasa ne har yanzu. Ramin mugunta gajere ake gina shi, Torben."

Wallahi na ji daɗi, kuma ban ɓoye ba.

Aksel ya rasu Asabar da hantsi, fuskarsa na kallon taga. Torben bai zo a kan lokaci ba, ni na rufe masa ido.

Turakun suna nan inda aka kafa su. Ma'aikatan gidan tarihi sun ga tsayinsu ya yi daidai, suka ɗaure zarensu a kai, kuma jiya tuffar farko ta faɗo a tsakaninsu.