Ɗaurin Turmi

Turmin Inna Binta ya daɗe da barin daka, gindinsa a tsage yake. Amma duk kangon nan na bayan tashar Isa, inda mutanen Gatawa sunka sauka bayan ɓarayin daji sun tashe su, babu abin da ya kai turmin nan aiki. A jikinsa take ɗaure yara.

Tsakar kangon murhu ne ko'ina, kowace mace da nata, ga tsohuwar rijiya wadda ba ta da baki, kana tafiya kan ƙasa sai kawai ka ga rami. Matan kuwa dole su fita tun da safe, wasu wankau a gidajen cikin gari, wasu noman ƙwadago a gonakin kusa, tunda na nesa sun zama na masu bindiga. Sai su aje ɗiyansu wurin Binta. Da marece kowace ta miƙa mata abin da ya samu, tsaki ko ɗan gari ko ragowar tuwon gidan aiki.

Masu tafiya da ƙafarsu tsawa ta ishe su. Masu rarrafe ba su san tsawa ba. Su ne take ɗaura wa tsumma a idon sawu, ta bar wurin shigar yatsa biyu don kada ya ci fata, ɗaya bakin ta zagaya shi a turmi. Tsawon tsumman bai kai murhu ba, bai kai rijiya ba. Da azahar ta sauya ƙafa. Haka uwarta ta yi mata, haka ta yi wa ɗanta Nura, wanda anka harbe a gonarsa da fartanya a hannu. Yanzu ɗan Nura take ɗaurewa, Jibrilla, wanda shi kaɗai ya rage mata a cikin jininta.

Jibrilla kuwa ƙadangare ne wajen rarrafe. Ka juya ka tofar da yawu, ya kai bakin zaure.

"Maigida, ina za ka?" in ji Binta, tana janyo shi da tsumman. "Ko cefane ba ka yi ba, ka kama hanyar yawo? Mijin banza."

Shi kuma ya yi ta dariya da haƙoransa biyu.

Da damina ta kankama sai labari ya zo a rediyo cewa gwamnati za ta tallafa wa wuraren renon yara. Za a ba da garin kunu, da gidan sauro, da tabarmi, har da albashi ga mai reno, amma sai ma'aikaci ya zo ya duba wuri ya ga ya cika ƙa'ida. Sadiya, matar Nura, ita ta kawo maganar.

"Inna, ai ke anka yi wa wanga shiri. Wa ya kai ki reno duk garin ga?"

Binta ta yi ta noƙewa, daga baya ta ɗauki mayafi ta je wurin mai unguwa, ta ce a gaya wa masu dubawa su biyo ta nan.

Ran da za su zo, ta share kangon tas. Ta yi wa yaran wanka, ta shafe su da man gyaɗa. Sai ta dubi tsummokaran turmi, ta ga duk sun yi baƙi, sun sha fitsari da kunu. Kunya ta kama ta. Zane ɗaya ta tsira da shi mai kyau daga Gatawa, atamfar da Nura ya sayo mata daga Maraɗi. Ta fito da ita, ta sa haƙori ta yayyaga dogo-dogo. Kuma don baƙi su ga tsari, ranar har masu tafiya ta ɗaure. Ta jera su zagaye da turmi, kowa da sabon ƙyalle a ƙafa, ta koma ta zauna tana jira da fara'arta.

Ma'aikacin saurayi ne daga birni, sunansa Zainulabidin, da takalmi sau-ciki da waya a hannu. Wanda ya rako shi Alhaji Halliru ne, ɗan kwangila. Shi tun da ya ji ƙishin-ƙishin shirin ya gina ɗaki biyu a bakin titi, ya zagaye da katanga, ya sa anka zana giwa da raƙumin dawa a jiki. Komai ya samu, yara ne kawai babu.

Zainulabidin ya yi sallama, ya shigo, ya tsaya cik.

"Subhanallahi! Mama, mene ne wannan?"

"Ɗauri na, ɗana," in ji Binta, ta taso da sauri ta nuna masa. "Dubi, yatsa biyu na shiga. Sabon zane na, yau niy yaga shi."

"Ke da kanki kike ɗaure su?"

"Kullum ta Allah. Wa za ya yi man?"

Alhaji Halliru ya tuntsire da dariya. "Ka ji ko, yallaɓai? Kullum ta Allah. Binta, reno kike ko kiwon awaki? Ranar kasuwa sai mu zo tayi."

Ta nuna musu rijiya, ta nuna murhu. Zainulabidin ya leƙa rijiyar, ya ce wannan ma wani laifin ne. Ya tambayi masai na yara, babu. Ya tambayi katanga mai ƙofa, babu. Ya tambayi takardar makaranta, ita ma babu. Sai ya durƙusa, ya kama ƙafar Jibrilla, ya ɗauke ta hoto. Alhaji ya zaro 'yar wuƙar yankan farce daga aljihu ya miƙa masa, shi kuma ya bi ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya yana yankewa.

"Daga yau an rufe wurin nan," in ji Zainulabidin. "In na ƙara jin kin ɗaure ɗan wani, ko naki ne, 'yan sanda za su zo. Akwai wurin da ya cika ƙa'ida, a kai su can, kyauta ne."

Kafin ya rufe baki Jibrilla ya miƙa hanyar rijiya. Binta ta cafko shi ta riga. Babu wanda ya kula, sun riga sun juya.

Haka yaran kangon sunka koma gidan renon Alhaji Halliru. Iyayen ba su ƙi ba, tunda akwai kunu mai madara. Har Jibrilla Sadiya ta kai, ta ce ba ta son a ja tsohuwa zuwa caji ofis. Mai renon 'yar ƙanen Alhaji ce, Zulaihatu, tana da takarda, tana da waya, ba ta taɓa goyo ba. A bakin ƙofa anka kafa allo mai hoto biyu. Ɗaya ƙafar yaro ce ɗaure da atamfa, ɗaya ginin Alhaji ne da giwarsa. Binta ba ta iya karatu ba, amma ta san zanenta, ta san ƙafar.

Ta je ta durƙusa gaban Alhaji.

"Alhaji, ka bar ni in riƙa zama da su. Ban son komi, ko kunun ban sha."

"Ke da hotonki ke ƙofa? In yallaɓai ya tarad da ke ciki, ni ma ruhe ni za ya yi. Tashi, Binta, ki je ki ja tazbaha."

Da za ta fita sai ta bi ta bayan ɗakunan, don idonta ya saba neman abin da ke cin yaro. Nan ta ga zana shimfiɗe a ƙasa, an watsa mata yashi a kai. Ta sa ƙafa ta taɓa, zanar ta lotsa. Ramin masai ne. An gina ɗan ɗakinsa a gaba, an shafe da fenti, an ɗauki hoto, ramin kuwa ba a rufe ba, kuma ruwan sama ya cika shi.

"Alhaji, ramin ga hwa?"

"Siminti muke jira, kashi na biyu na kuɗin bai hito ba. Ke kika san aikin gwamnati ko ni?"

Ta samu Zulaihatu, ta ciro guntun atamfa daga ƙugu ta danƙa mata.

"Ɗiyata, don Allah ki ɗaure man Jibrilla ga ƙafar tebur. Shi ɗai. Ba ya zama."

"Ni in ɗaure, a kore ni?" Zulaihatu ta ɗaga ƙyallen da yatsa biyu ta yar. "Inna, an wuce wannan zamanin. Yaro sakewa yake so."

Daga nan Binta ta mai da gindin bishiyar dogon yaro da ke bayan katangar Alhaji wurin zamanta. Ba ta ganin komai, amma tana ji. Ta san kukan kowane yaro, ta san dariyar Jibrilla, ta san ƙarar tafin hannunsa a kan siminti. In ta ji ya yi wajen baya sai ta ɗaga murya.

"Maigida! Komo nan, ɗan banza!"

Sai ta ji tafin hannun ya juyo. Masu wucewa sunka fara cewa tsohuwar Gatawa ta taɓu, da katanga take faɗa.

Wata Laraba an kwana ana ruwa, gwiwarta ta riƙe, ba ta iso ba sai da rana ta ɗaga. Ta zauna ta kasa kunne. Ga kukan Halimat, 'yar Rukayya maƙwabciyarta, ga na sauran. Ta kira maigida, shiru. Ta ƙara kira. Ta tashi ta zagaya ta dinga dukan ƙofar ƙarfen da hannu biyu. Ƙofar a kulle take ta ciki, don haka ƙa'ida ta ce. Zulaihatu tana ɗaki da abin sauraro a kunne. Sai da masu shayin bakin titi sunka taru sunka taya ta bugu sannan anka buɗe.

Binta ba ta tambayi kowa ba, bayan ɗakunan ta nufa. Zanar ta nutse ta gefe ɗaya. Daga cikin ramin anka ciro Jibrilla.

Kafin a dawo daga maƙabarta siminti ya samu. An rufe ramin, an shafe, har an zana fure a kai.

Ranar uku Alhaji Halliru ya zo gaisuwa da Zainulabidin, da kwalin garin kunu a bayan mota. Anka yi addu'a, anka shafa.

"Ƙaddara ta, Binta," in ji Alhaji. "Kwana ya ƙare. Ko ga turmi yake, in lokaci ya yi sai ya tahi."

Zainulabidin ya gyara zama. "Mun bincika, Mama. Wurin ya cika ƙa'ida, na duba masan da idona yau. Abin da muka lura shi ne, yaron da aka saba ɗaurewa, ranar da aka sake shi ba ya sanin inda zai tsaya. Shi ya sa muke hana ku."

Matan da ke zaune sunka sunkuyar da kai. Wata ta ce Allah ya kyauta. Wata tana kallon kwalin.

Bayan sun tafi Sadiya ta ɗaure kayanta, za ta koma wurin danginta a Gangara. Ita da ta kawo maganar rediyon, ita ta tsaya bakin zaure ba ta ko dubi tsohuwar ba.

"Inna, da kin bar tsummokaranki yadda suke. Da ba ki jera yaran ba."



Ba a yi mako ba, da sassafe, Rukayya ta shigo da Halimat a hannu, tana waige-waige. Yarinyar ta fara rarrafe ke nan.

"Inna, ban iya kai ta can. Ki ɗaure man ita. In sun zo ni za ni ce ni niɗ ɗaure."

Binta ta daɗe tana kallon turmin. Guntayen atamfar da anka yanke suna nan zagaye da shi, ba ta kwance ba. Ta tashi ta kamo bakin zanen da ke jikinta ta yaga. Ta rage rabin tsawon da ta saba. Ta kama ƙafar Halimat ta ɗaure, ta ja, ta ƙara ƙulli. Yarinyar ta callara kuka.

Rukayya ta durƙusa ta gwada sa yatsa, ko ɗaya bai shiga ba.

"Inna, ya matse. Za ya ci mata ƙahwa."

"Shi ci," in ji Binta. "Tahi aikinki."