Motar da Kowa Ya Ƙi

Da mijinta ya rasu, babu wanda ya kalli tsohuwar motar. Yayansa ma dariya ya yi ya ce, "Wannan ai rijiya ce, ba mota ba. Ki riƙe abarki."

Maman 'yan biyu ta riƙe, don da ita take kai yara makaranta ta wuce shagonta na ɗinki. Amma motar shan mai take kamar an huda mata ciki. A zuba da safe, kafin yamma allurar da ke nuna mai ta kwanta.

Ta kai ta gareji. Bakanike ya zaro fulogi, baƙi ƙirin, ya nuna mata. Ya canza shi, ya sa sabuwar matatar iska, ya wanke kafireto. Ya ce, "Saura naki. Ki daina danna totur kamar kina taka keken ɗinki. Ki riƙa duba iskar taya, ki sauke tarkacen nan na baya."

Ta sauke. Ta koyi tashi a hankali, ta koyi kashe inji in layi ya tsaya. Yara suna mita saboda zafi, ta ce su buɗe gilashi. Don a gyara wani bututun mai da ke yoyo, har ɗan kunnenta ta sayar. Sannu a hankali hayaƙi ya ɗauke, mai ya fara kai ta mako.

Wata rana ta rage wa yayan mijin hanya zuwa asibiti. Tunda ya shiga idonsa na kan allurar mai.

"Ikon Allah, ba ta motsi?"

"Ai ta sha gyara, Yaya," ta ce, har da murmushinta.

Ba a rufa mako ba ya zo da ƙannensa, suka cika mata falo. Ya ce motar asalinta ta mahaifinsu ce, aro marigayi ya yi. Kuma mace ita kaɗai a kan titi, mutane na magana.

"Yaya, da tana hayaƙi ba su yi magana ba?"

Ƙaramin cikinsu ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Ta fita wajen motar, ta ciro takalman yara daga ƙarƙashin kujera, ta miƙa wa yayan mijin makulli. Ya tayar da motar, ta ɗauka bugu ɗaya. Sai ya leƙo ta taga, fuska a murtuke.

"Haba, ko rabin tanki ba ki bar min ba?"