Bai Gama Ba

Ranar da sakamakon gwajin 'yarmu Auta ya fito, ban ci abincin kirki ba. A lissafi da haɗa siffofi ta wuce kowa a makarantarsu. Amma a tambayoyin baka, inda ake auna yadda yaro ke fahimtar magana, ta zo kusa da ƙarshe. Ajin masu hazaƙa kuwa sai an ci duka biyun ake shigarsa. Yarinyar da ke gane inda zancena ya dosa tun ban kai rabi ba, wai ita ce ba ta fahimtar magana.

Babanta ya fi ni shiga damuwa, don shi mai i'ina ne. Kalma ɗaya sai ta riƙe shi kamar tsohuwar mota a kan tudu. Bai faɗa ba, amma na san abin da ke cinsa: gani yake harshensa ne ya jawo wa 'yarsa.

Muka je wurin malamar da ta yi gwajin, a wani ɗan ofis mai fanka mai ƙara. Ta ce ita takan karanta tambaya ta danna agogo, yaro ya amsa kafin lokaci ya cika. Auta kuwa sai ta zuba mata ido ta yi shiru, sai lokaci ya kusa ƙarewa take buɗe baki. 'Yan amsoshin da ta samu ta bayar duk daidai ne.

Babanta ya gyara zama zai yi tambaya, kalmar ta maƙale. Malamar, da kyakkyawar niyya, ta buɗe baki za ta ƙarasa masa. Auta ta taɓa hannunta.

"Malama, bai gama ba."

Malamar ta dube ta, ta dube ni. Sai na gaya mata dokar gidanmu: ba a amsa wa mutum sai an tabbata ya kai aya, ko da shayi zai huce. Tun Auta tana rarrafe haka ta tarar. Ashe jira take yi malamar ta gama, agogo kuwa ina ruwansa da ladabi.

Aka sa rana aka sake gwajin, bayan kowace tambaya malamar tana cewa, "Na gama." Muna zaune a baranda muna jin muryar Auta kamar an buɗe famfo. Sai a lokacin na ji yunwa. Ta samu shiga ajin.

Da malamar ta fito, babanta ya tsayar da ita, ya yi tambayar da ta maƙale masa rannan: ko laifin bakinsa ne? Ya daɗe kafin ya kai ƙarshenta, wannan karon kuma malamar ta jira.

"Ba laifi ba ne, Malam," in ji ta. "Saurare ta koya a wurinka. Ni ma sai yau na koya."

A hanyar gida ya yi ta zuba surutu irin wanda rabona da jinsa tun muna sabon aure. Babu wanda ya katse shi.