Maɓallai Huɗu Marasa Murya

"Wannan goge shi," in ji Manaja. Ya ɗora yatsa a kan allon kwamfutar Auta. "Mutum ɗaya ke amfani da shi."

"Na san mutumin."

"Kowa ma ya san wani. Litinin za mu koma sabuwar manhaja. Duk ƙarin da bai dace da ita ba ya mutu."

Aikin Auta ke nan, rubuta ƙananan ƙari da ake maƙala wa dandalin tattaunawa na intanet. Wannan dandalin na masu gyaran keken ɗinki ne. Ƙarin kuwa yayanta ne ya rubuta shi, a kan wannan kujerar, kafin ciwon ƙoda ya ɗauke shi. Babansu karatunsa kaɗan ne, ido kuma ya yi rauni. Sai Yaya ya sa inji ya riƙa karanta masa saƙonnin abokan sana'a. Sunayen maɓallan kuwa da bakinsa ya naɗe su. Talatin da ɗaya.

Ta sa abin sauraro a kunne, ta kunna muryar Yaya.

"Baba, nan ne amsa."

"Baba, ba nan ba. Koma baya, tsoho."

A maɓalli na sha tara ya yi tari, ya yi dariya, bai sake naɗa ba.

"Ba ni zuwa yamma," ta ce.

"A bakin abincinki na rana," in ji Manaja. Ya wuce.

Ba ta ci ba. Layi bayan layi ta kwance aikin Yaya ta sake ɗaure shi. Ƙarfe uku ƙarin ya tashi, muryar ta fito. Sai dai sabuwar manhaja ta zo da maɓallai huɗu da babu su a zamaninsa. In aka taɓa su, shiru.

Ta yanko kalmominsa daga nan da can ta haɗa. Abin ya fito kamar rediyo mai mataccen batir. Ta saurara sau ɗaya, ta goge da sauri. Ta fita bayan matakala, inda ake ajiye tsintsiya da bokiti, ta naɗi muryarta.

Ta sami Baba a shago tsakanin kawunan kekunan ɗinki, yana laluben ƙusa a cikin gwangwani. Bai taɓa tambayar ta abin da take yi a ofis ba. "Aikin Yayanku" yake ce masa.

"Lafiya, tun ba a tashi aiki ba?"

"Lafiya, Baba. Za a sauya dandalinku. Na kawo ka gwada."

"Wa ya ce a sauya? Ya lalace ne?"

"Bai lalace ba."

"To, abin da bai lalace ba..." Ya goge mai a jikin tsumma, ya karɓi wayar, ya kai ta dab da hanci.

"Baba, ga sabon saƙo," in ji Yaya.

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar yadda ya saba. Ya sauko da yatsa ƙasa.

"Baba, an ajiye."

Yatsan ya tsaya.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce."

"Ina shi?"

"Wannan maɓallin sabo ne. Bai riske shi ba."

"Guda nawa ne haka?"

"Huɗu."

"Baɗi fa?"

Ta dubi ƙasa. "Za su ƙaru, Baba. Tsofaffin kuma za a riƙa cirewa."

A waje wata mota ta yi ta ƙaho. Ya ɗauki tsumman, ya goge allon wayar, ko da yake babu datti.

"Kin cika sauri," ya ce. "Shi a hankali yake yi."

"Zan sake."

"Wa ya ce ki sake?"

Ya ja mata kujerar da ke gefen teburinsa, wadda shekara biyu ke nan, tun rasuwar Yaya, kan keke ne ke zaune a kanta. Ya sauke shi ƙasa da kansa. Ta zauna.

Ya danna na Yaya. Ya danna nata. Ya koma na Yaya.

"Nuna mini sauran ukun," ya ce.